A Kira Lamba Sha Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Kumandan Sanda,
Shugaban ƙungiyar 'yan ajinmu na makarantar soja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da kuma ta soja, dugadugai haɗe, hannu a goshi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen da Allah ya ɗora maka nauyinsu. Ni ne Rabe, lamba goma sha biyu, wanda kuka yi shekara uku kuna jifa da takalmi saboda munshari. Kamar yadda ka sani, gwiwa ta fitar da ni daga aikin soja. Yanzu ina nan gida Madarunfa, ina koya wa yaran lakwal, wato makarantar boko, gudu da tsalle, ina noma ɗan gerona da gyaɗa, alhamdu lillahi.

Ranka ya daɗe, wasiƙa biyu na aiko maka ta gidan waya a kan maganar Lawali Mati, lamba goma sha ɗaya, wanda Allah ya yi wa rasuwa bayan kakar bana. Ta farko, shiru. Ta biyu, sakataren ƙungiya ya amsa da layi ɗaya, wai doka ta ce wanda ba a ɗaura wa galo, alamar muƙamin soja, a kafaɗa ranar fita ba, ba ya cikin aji, saboda haka ba za a kira sunansa a taron shekara ba. To, na gode da layin. Wannan ta uku na buɗe ta, na kai wa 'yan jarida, na kuma kwafa da hannuna na aika wa duk ɗan ajin da na san inda yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Na ɗaya, maganar kiran suna.

Saboda masu karatu da ba su san al'adarmu ba, bari in faɗa. Kowace shekara mukan taru a Maraɗi, a gasa rago, a yi ta tsiya da tuna baya. Amma kafin kowa ya taɓa nama, sai mu tsaya sahu kamar yadda muke tsayawa a makaranta, sakatare ya kira lamba da suna. Mai rai ya ce, "Ga ni!" Wanda ya riga mu gidan gaskiya kuwa, na bayansa a sahu shi ke amsa masa, ya ɗaga murya ya ce, "Shina cikin sahu!" Sai a yi masa fatiha. Ba kuɗi ake rabawa ba, ba lambar yabo ake maƙalawa ba. Suna ne kawai, da kalma uku, da fatiha.

Shekara biyar ke nan da kafa ƙungiyar, shekara biyar sakatare yana tsalle daga goma zuwa sha biyu, kamar lissafin ma ya yi rashin lafiya. Takardar gayyata ta bana ta iso mini kwana kaɗan bayan sadakar arba'in ta Lawali. Na duba sunayen mamata biyu da aka yi wa alama, Allah ya jiƙansu. Na sake dubawa, na juya bayan takardar. Babu shi. A gaskiya raina ya ɓaci ranar, har yaran lakwal suka sha gudun da ba su yi laifinsa ba.

Na biyu, wane ne wannan da doka ta ce ba ya cikin aji?

Kumandan, ka tuna yadda aka kwashe mu bayan samun 'yancin kai, mu tara 'yan Nijar, aka kai mu can ƙasar kurmi, inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka haɗa mu aji ɗaya da yaran bakin teku, mu lambobinmu a jere daga bakwai zuwa sha biyar. Ka tuna ranar da sarzan ɗinmu, wato sajan mai horas da mu, mai gajeren wuya, ya kai mu bakin kogin da ke bayan bariki, ya nuna wancan gefen da sandarsa, ya ce ƙarshen shekara kowa zai ƙetare shi da jaka da bindiga, wanda ya kasa ya haɗa kayansa ya koma gida. Yaran bakin teku suka yi dariya, don su a ruwa aka yanke musu cibiya. Mu kuwa muka tsaya muna kallon juna. Kai ɗan arewa ne, ƙasar rijiya mai gaba talatin. Duk ruwan da ka taɓa gani a rayuwarka a cikin guga ka gan shi. Ni ɗan Madarunfa ne, amma ɗan manoma, tabki daga nesa nake gaishe shi.

Mutum ɗaya ne cikinmu yake murmushi, Lawali, ɗan masunta, wanda aka yaye a bakin tabkin garinmu. Ya dube mu ya ce, "Mi kuka tsoro? Wanga ai ba ruwa ba ne, hitsarin yaro ne. Ku bari Lahadi ta zo."

Da Lahadi ta zo, ya tafi zangon Hausawa da ke cikin garin, ya yi ta gaishe-gaishe da zaƙin baki har wata tsohuwa mai sayar da goro ta ba shi aron manyan goruna biyu. A wurinmu, masunci ba ya buƙatar jirgi. Yakan kwanta da ciki bisa ƙaton gora, ya tura shi cikin tabki, hannu da ƙafa suna aiki, in ya kama kifi ya jefa ta bakin goran. Da wannan Lawali ya fara koya mana. Wasu suka ce a bari sai jarrabawa ta matso. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk Lahadi bayan azahar, sauran ɗalibai suna yawon gari, mu takwas muna bakin kogi cikin gajeren wando, muna jiran layin gora.

Kai ne ɗalibin da ya fi wahalar da shi, ranka ya daɗe. A aji babu mai kama ƙafarka, lissafi da taswira duk a tafin hannunka suke, har shi Lawali kai kake yi wa bita. Amma da an ɗora ka bisa gora sai ka ƙanƙame shi hannu da ƙafa, gora ya juya, kai a ƙasa shi a sama. Har yanzu ina jin muryar Lawali: "Sanda, saki! Kwanta mai kawai. Gora ne, ba innarka ba ce da ta dawo daga kasuwa!" Daga nan aka sa maka sunan Dutsen Niƙa. Na san yanzu babu mai kiran ka haka, shi ya sa na rubuta, don kada sunan ya ɓace.

Kafin shekara ta ƙare, bakwai cikinmu sun bar gora suna iyo da kansu. Kai ma ka iya, daidai gwargwado, in dai ƙafarka tana jin ƙasa.

Na uku, ranar ƙetare kogi.

Wannan ita ce maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ba da son raina nake faɗa ba. Izinin mai ita na samu, zan kuma bayyana yadda aka yi a gaba.

An yi ruwa kwana biyu, kogi ya cika, ya yi ja wur da laka. Aka busa usur muka faɗa. Kowa ya san Lawali ne zai fara isa, har yaran bakin teku sun sallama masa. Amma sai na ga yana jan jiki, yana waiwaye. Ina bayanku da 'yar tazara, ina haɗiyar rabona na kogin. Da muka kai tsakiya, inda ƙafa ba ta jin komai, sai na ga ka tsaya da iyo. Idanunka suka fito, jakar da ke kanka ta karkata, ka faɗi wata magana da ƙarfi, sai ruwa ya rufe bakinka.

Sai na ga kan Lawali ya nutse. Can sai ga ka ka taso, kwance da ciki bisa ruwa, kana tafiya sumul, bindigarka a sama, kamar wanda aka haifa a jirgi. Sarzan yana tsaye a wancan gefe yana gyaɗa kai, yana jin daɗin horon da ya ba ka. Bai san akwai mutum a ƙarƙashinka ba. Lawali ya sa kafaɗarsa a cikinka, ya mai da kansa gora. In numfashi ya ƙare masa, ya ɗago hanci ta bayan jakarka ya shaƙa, ya sake komawa. Haka ya kai ka har inda ƙafarka ta taɓa ƙasa, sannan ya ja da baya ya ɓullo can nesa, yana laluben bindigarsa da ta kusa tafiya.

Ka fita na shida. Ni na fita na kusa da ƙarshe. Ɗan masunta, sarkin ruwan ajinmu, shi ya fito na ƙarshe, yana tari. Sarzan ya tara mu ya yi masa tsiya son ransa, ya ce ga mai cika baki, ya yanke masa kwana bakwai na ferar doya a madafa. Lawali ya sara masa, ya tafi ya fere doyarsa yana waƙa. Da na same shi can na ce me ya sa bai faɗi gaskiya ba, sai ya miƙo mini wuƙa ya ce, "Rabe, in ka zo taimako ga doya. In surutu ka kawo, akwai shi da yawa wajen sarzan."

Ban faɗi wannan don in rage maka daraja ba, Kumandan. Galonka da guminka ka same shi, kowa ya shaida, kuma muna alfahari da kai. Amma da babu waccan kafaɗa, da tun shekarar farko ka koma rijiya mai gaba talatin, da kuma wani ne yake sa hannu a dokar ƙungiya yau.

Na huɗu, jinya.

Saura wata biyu a ɗaura mana galo, Lawali ya fara rama, cikinsa yana kumbura, idonsa ya yi rawaya. Likitan bariki ya ce hanta ce, ciwon da ya taso da shi tun yana yaro cikin ruwan tabki. Aka sallame shi. Ranar da za a sa shi a mota, kai ka ɗaukar masa akwati, kuma na ga hawayenka, kada ka musa. Wata biyu kacal, ranka ya daɗe. Ya yi horon da muka yi duka, ya ci jarrabawar da muka ci duka, abin da ya rage masa faretin fita ne da hoto.

Shekara goma sha biyu ya yi yana fama, yau sauƙi gobe kwanciya. An kai shi likita Maraɗi ya fi a ƙirga, an kai shi wajen mai magani a Safo cikin amalanken jaki, an bi ta Ɗan Isa an ƙetara da shi Katsina. Amma duk wanda ya je gaishe shi da fuskar tausayi, da ciwon ciki na dariya yake dawowa. Yana zaune bisa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, yana ɗinke wa masunta komar kamun kifi, yana ba agwagin mahaifiyarsa, Inna Hajo, umarnin fareti. Ya raɗa wa kowace suna da muƙami. Akwai wani ƙaton toro mai tsoron ruwa, wanda sai an kore shi yake shiga tabki. Ba zan faɗi sunan da ya sa masa ba, amma duk lokacin da muka ji an ƙara maka girma, shi ma toron sai a ƙara masa.

Takalman sojansa kuwa, ƙafafunsa sun kumbura sun daina shiga tun da daɗewa, amma duk Juma'a sai ya goge su har ka ga fuskarka a ciki. Inna Hajo takan ce, "Kai ɗan nan, takalmin da ba ka sawa, mi ad dalilin wahala?" Shi kuma ya ce, "Inna, soja ba shi sanin ranar da za a duba kaya."

Ranar da labari ya zo an ba ka kumandan, ya sa aka yi masa shayi, ya tara masunta yana ba su labarinka, yadda kake karanta taswira kamar mai karanta Fatiha. Na zauna ina jira in ji ko zai kawo maganar kogi. Bai kawo ba. Shekara goma sha biyu, ko Inna Hajo ba ta ji daga bakinsa ba.

Na biyar, laifina.

Ba zan ɗora maka kaya in ɓoye nawa ba. A taron farko na ɗaga hannu na ce an tsallake sha ɗaya. Aka karanta mini doka. Na dubi galon da ke kafaɗunku, na dubi tawa rigar ta malamin lakwal, na ji kunya, na sauke hannu na ci nama. Da na dawo gida, tun ban sauka daga kamyo, babbar motar da ta kawo ni, sosai ba aka ce Lawali yana kirana. Tambayarsa ɗaya: "An kira ni?"

Na ce an kira shi. Na ce na amsa masa da cewa yana jinya, kowa yana gaishe shi. Ya yi murna ƙwarai, har ya sa aka kama agwagwa ɗaya aka ba ni. Haka na yi ta yi shekara biyar, ina zuwa Maraɗi ina cin rago, ina dawowa ina cin agwagwa a kan ƙarya. Allah ya yafe mini.

Ana saura kwana uku ya rasu, da hantsi, na je na same shi an fito da shi inuwa. Muryarsa ta yi ƙasa amma tsiyar tana nan. Ya ce, "Rabe, ka iya fareti, amma ba ka iya ƙarya ba. Duk ran da ka ce an kira ni, kunnenka kaka susa." Ya ce kada in damu, agwagin ya ba ni ne ladan wahalar ƙaryar. Sannan ya sa Inna Hajo ta ɗauko tsohon goransa na kamun kifi, wanda ya gada wajen mahaifinsa, ya sha ɗinki ya fi sau goma. Ya ce, "In na tahi, ka kai ma Sanda wanga, na san har yanzu bai iya ba. Ka bari a ga takardar bana. In sunana na ciki, ka ruhe mai asiri har kabari. In babu, to mantuwa ce, ka tuna mai. Sanda ba mugu ba ne, taswira ta yi mai yawa."

Ka ga inda na samu izini. Na duba takarda, na rubuta sau biyu a rufe. Yanzu na tuna maka.

Ina kewarsa, Kumandan. In na bi ta ƙofar gidansu da safe zan tafi lakwal, har yanzu ƙafata takan rage sauri a gindin darbejiyar nan, ina jiran a ce mini, "Sha biyu, gyara tahiya!" Inna Hajo ta ci gaba da goge takalman duk Juma'a, ko da yake da man gyaɗa take yi, ban kuwa iya hana ta ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba shi da tsawo.

Na farko, a gyara dokar nan. Mu muka rubuta ta da hannunmu bayan mun ƙoshi da nama, ba daga sama ta sauko ba. Wanda ciwo ya fitar daga sahu ba gudu ya yi ba.

Na biyu, a taron bana, in sakatare ya kira goma, ya kira sha ɗaya, Lawali Mati, ya dakata in amsa masa, a yi masa fatiha kamar kowa.

Na uku, ka zo Madarunfa da ƙafarka ka yi wa Inna Hajo gaisuwa. Tafiyar ba ta da nisa daga Maraɗi, hanya kuma ta bushe, babu kogin da za ka ƙetare. Toronka ma yana nan da rai, zai so ya ga takwaransa.

In an yi haka, zan miƙa maka goran a keɓe, cikin buhu, in kuma riƙe abu ɗaya da ban rubuta a nan ba, wato maganar da ka faɗa a tsakiyar kogi kafin ruwa ya rufe bakinka. Mu biyu muka ji ta, ɗaya ya tafi da ita.

In kuwa ba a yi ba, ba zan yi faɗa ba, ba zan ɗaga murya ba. Zan zo da goran a kaina, in tsaya a wurina. Sakatare zai kira goma, a amsa. Zai kira sha biyu, ya ji shiru. Ya sake kira, ya ji shiru, ga ni kuwa tsaye a gabansa, dugadugai haɗe. Doka ta ce ba a taɓa nama sai kowa ya amsa, to rago ya huce. Shekara uku a makaranta ban taɓa amsa sunana ba sai na ji na Lawali ya wuce, shekara biyar kuma na amsa a kan kuskure. Ba zan ƙara ta shida ba.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya tsare ka daga sharrin ruwa da na tudu, ya ba ka ikon yin adalci ga na sama da kai da na ƙarƙashinka. Allah ya jiƙan Lawali, ya sa jinyarsa ta zama kaffara, ya ba Inna Hajo haƙuri. Mu kuma Allah ya sa ranar babban kiran suna a same mu cikin sahu ɗaya.

Naka a sahu,
Rabe, lamba goma sha biyu, na bayan sha ɗaya,
Madarunfa.

Wassalam.